Ranar da Na Shanye Shayin Shugaban Majalisa a Njamena

Majalisa fa nake gaya muku, majalisa sosai, da shugabanta da ɓangarorinta biyu masu hararar juna, sai dai a kan tabarma take zama a gindin darbejiya. Kuma ni ɗin nan na miƙe na yi jawabi a cikinta! Tun da na dawo daga Njamena duk wanda ya leƙo shago sai ya ce, "Onarabul, ya Cadi?" Ina fara ba shi labari mai karɓar ɗinki zai katse mu. Jiya saboda surutu na ɗora wa wani aljihu a baibai. To ga shi na zauna na rubuta duka, kowa ya karanta, a bar ni in yi aiki.

Ga waɗanda ba su san ni ba, tela ne ni a Potiskum, a sakandare na tsaya. Ciwona ɗaya ne: zaman majalisa. Wasu ƙwallo suke kallo, ni kuwa sai in jingina waya a jikin keke, ƙafa tana takawa, kunne yana bin karatu na ɗaya, karatu na biyu, an tura wa kwamiti. Ba wanda ya koya mini. Har na wasu ƙasashe nake bi, inda za ka ji 'yan majalisa sun shekara suna rantsuwar za su soke dokar lafiya su kawo sabuwa, ranar ƙuri'a ta zo su kasa haɗa kai. Dalilin da abokai suka laƙaba mini Onarabul ke nan.

Abin da ya kai ni kuwa ba na dariya ba ne. Goggo Hauwa, yayar babanmu, can aka kai ta aure tun ba a haife ni ba. Mijinta ya rasu, 'ya ɗaya gare ta, Zainaba. Ita ta kira Baba ta ce an gano ƙari a cikin Goggo, likita ya sa ranar Alhamis za a yi aiki, amma sai an kawo mutum uku sun ba da jini kafin ranar. In ba a kawo ba za a ba wani gurbinta, ita ta koma ƙarshen layi, cikin kuwa kullum ƙara tasowa yake. Zainaba tana da juna biyu, ba za a ɗebi nata ba, mijinta direban babbar mota ne yana can arewa. Baba gwiwa ta hana shi tafiya, sai ya ce in shirya.

Na karɓi wayar na ce, "Yaya Zainaba, mutum uku kacal a gari guda?"

Ta ce, "Kai dai ka zo ka gani."

Ranar Asabar na kwana a Maiduguri, Lahadi da sassafe na shiga motar Gamboru. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Hajiya Kaltume, mai fataucin turaren wuta, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Kafin mu kai Dikwa ta san sunan unguwarmu, ta san ban yi aure ba, ta kuma ɗura mini dabino da soyayyar fara har sai da na ce na gode. Hanyar kuwa kada ku tambaya. Mun tsaya jiran rakiya, mun tsaya taya ta yi faci, mun tsaya haka kawai direba ya ga abokinsa.

Muna dab da iyaka ta ce, "Ɗana, ina katinka na rigakafi?"

Na zaro shi da alfahari. Abin da ban gaya mata ba shi ne an wanke shi a aljihun wandona ana saura kwana biyu in taso. Da ya bushe sai na shafa masa sitati na bi shi da dutsen guga. Ya miƙe sambal, yana ƙyalli, sai dai rubutun ya koma kamar zanen lalle. Hajiya ta juya shi gaba da baya ta ce, "Innalillahi. Ka dai tsaya a bayana, kada ka ce uffan."

Jami'in lafiya na bakin iyaka ya ɗaga katin yana hasko shi da rana, ya yi mini tambaya da Faransanci, na yi masa murmushi. Hajiya ta sako baki da Larabci, sai ga mutumin nan yana dariya har da dafa tebur. Ya lalubo hatimin asibiti da bai gama gogewa ba, ya nuna wa abokin aikinsa, ya miƙo mini abina. Da muka fito na ce, "Hajiya me kika ce masa?"

"Ce masa na yi tela ne kai, duk abin da ya shigo hannunka sai ka goge shi. Na ce ya yi hankali da hularsa."

Daga Fotokol, garin da ke tsallaken iyaka, zuwa Kusuri, wanda gada ce kawai tsakaninsa da Njamena, mun sha turi, don motar sai an tura take tashi. Mun isa an riga an rufe gada, dole muka kwana a wani masauki kusa da kogi. Kifin wurin ban taɓa cin mai daɗinsa ba, sauron wurin ma na tabbata bai taɓa cin mai daɗina ba. Da safe muka bi ayarin masu babura da masu kura muka haye. Hajiya ta tsayar mini da ɗan acaɓa, su kilando suke ce masa, ta gaya masa Kabalaye, unguwar su Goggo, ta ja masa kunne, ta cusa mini ƙullin turare ta ce in kai wa mara lafiya. Ko lambarta ban karɓa ba, abin yana damuna har yanzu.

Goggo tana kwance a tabarma da na shiga, ta rame, cikin ya yi tudu a ƙarƙashin zane. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Babana ne ya zo Fallomi?" Sunan mahaifinta gare ni, ba ta faɗa. Garin ma sunansa na da take kira. Na ce zan yi kuka, sai ta ce, "Kai tafi can, wa ya mutu? Zainaba, ba shi esh ya ci."

Esh ɗin tuwo ne, kada ku tsorata. Da miyar kuɓewa mai gyaɗa aka kawo shi. Akwai kuma kisar, wata waina mai faɗi, siririya kamar hankici, na rasa ta inda zan kama ta. Gaisuwarsu doguwa ce, "afe, afe" ana ta maimaitawa ana dafa ƙirji. Maza a ƙofar gida suke cin abinci, duk wanda ya gifta sai an kira shi, kuma da gaske suke, ba irin kiran da muke yi muna addu'ar kada a zo ba. Hausarsu kuwa daɗi: a fara magana da Hausa, a ratsa ta Larabci, in an zo lambar waya a koma Faransanci.

Bayan na ci na ce, "To Yaya, ina matsalar jinin?"

Nan ta warware mini. Mutanen nan jikokin alhazai ne da suka taso a ƙafa za su Makka. Wasu ciwo ya kayar da su a nan, wasu suka tsaya jinyarsu, har suka zama 'yan gari. Saboda haka tun kakanni suke da dokar jinya, rubutacciya da ajami. In wani ya kwanta, ƙofa-ƙofa ake bi: yau wannan gida ne zai kai abinci ya zauna da mara lafiya, gobe na gaba. Da aka fara zancen ƙarin jini sai aka sa shi a ciki. To yanzu an watse, wasu sun yi gini a Goudji, wasu suna haya a Abena. Gida mai mutum talatin juyi ɗaya gare shi, mai mata da miji kawai shi ma juyi ɗaya. Ƙorafi ya yi yawa, bara majalisar dattawansu ta zauna, kowa ya ɗaga hannu aka soke dokar, da niyyar a kawo sabuwa mako mai zuwa.

"Wata goma sha ɗaya ke nan," in ji Zainaba. "Kowa na tunkara sai ya ce wallahi yana so, amma in ya bayar yanzu an ce ya bi tsarin su wane. Jira suke majalisa ta yanke."

Jama'a, kunya nake ji in faɗa, amma sai da tsigar jikina ta tashi don murna. Abin da nake kallo a waya, ga shi a unguwar Goggona! Na ce yaushe ne zama na gaba? Ta ce gobe Talata bayan la'asar. Na kwana ina tsara jawabi a bayan takardar magani.

Su tara ne. Huɗu suna bayan Alhaji Sale, babban ɗan kasuwa mai 'ya'ya maza rututu, su suna so a ci gaba da ƙirga gida, a dai shigar da sababbin gidaje. Huɗu suna bayan Usta Musa, bakanike daga Goudji, su kai suke so a ƙirga, kowane baligi da juyinsa. Na taran shi ne shugaba, Baba Shehu, wani ɗan tsamurmurin tsoho mai fara'a. Da aka ce masa ga ɗan ƙanen Hauwa daga Nijeriya, sai ya jawo ni ya zaunar da ni a gefensa. Usta Musa ya matso ya ce shi zai riƙa fassara mini in an koma Larabci.

Aka zuba shayi ja wur, aka buɗe da addu'a, aka fara. Minti biyu ana Hausa, da murya ta hau sai Larabci. Alhaji Sale ya yi dogon bayani yana nuna sama yana nuna ƙasa. Na ce, "Usta me ya ce?"

"Cewa ya yi jinin 'ya'yansa na gado ne, ba a taɓawa."

Alhaji ya juyo. "Ƙarya yake yi maka, ɗana! Cewa na yi gida shi ne asali. Kakanninmu da suka sauka a nan ƙofa suka ƙirga, ba su bi mutane suna ƙirga kawuna kamar awaki ba."

"Lokacin kowace ƙofa mutum uku ne a bayanta, Alhaji. Taka ƙofar yanzu in an buɗe sai ka ce an tashi daga Juma'a."

"Allah ne ya ba ni. Kai ma ka ƙara aure mana, wa ya riƙe ka?"

"Kuɗin gyaran motarka da ka hana ni ne ya riƙe ni."

Aka kwashe da dariya har da mutanen Alhaji. Na lura duk zafin da ake, Usta ne ke miƙa wa Alhaji sukari ba tare da ya tambaya ba, Alhaji kuma ya ture shi ya ce likita ya hana, sannan ya ɗiba.

Da na ga rana tana yin ƙasa ba a ko ambaci Goggo ba, sai na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe shugaba, ina neman izini." Baba Shehu ya ce bismilla. Na miƙe. Na ce a majalisun duniya ba a rushe tsohuwar doka sai sabuwa ta tsaya da ƙafarta. Na ce in an riga an yi kuskuren, akwai mafita: a dawo da tsohuwar na wucin gadi, wata uku, a kafa kwamiti na mutum biyu-biyu. Na ce Goggona jibi ne aikinta, ƙarin da ke cikinta bai san ana muhawara ba. Wallahi na yi ƙoƙari, har wani ya ce masha Allah.

Alhaji Sale ya ce, "Na amince!"

Saurin amincewarsa ne ya kashe ni. Usta ya ce, "Ka gani? Tsohuwar ai tasa ce. Wucin gadi a bakin Alhaji sai tashin kiyama." Aka koma Larabci, huɗu nan, huɗu can.

Na zauna maƙogwarona ya bushe ƙamas. Ga kofin shayi cike a tsakanina da Baba Shehu, tun ɗazu ba wanda ya taɓa shi, har ya huce. Ni a zatona nawa ne, na baƙo. Na ɗauka na ce bismilla na kafa kai, ban sauke ba sai da na ga gindinsa.

Shiru. Irin shirun da ake yi in liman ya yi mantuwa. Usta ya riƙe baki. Alhaji ya ce, "La ilaha illallahu. Ya shanye."

Na ce, "Me na shanye?"

Usta ya raɗa mini, wannan karon ba ƙari a fassarar. Ashe kofin nan shi ne gudumar shugaba. A al'adarsu magana ba ta yankuwa sai shugaba ya faɗi ɓangaren da ya bi, ya ɗaga kofinsa ya shanye. Wata goma sha ɗaya ana zuba wa Baba Shehu yana barinsa, in an tashi a juye a gindin darbejiya. Duk unguwa ta san wannan, har yara. Zainaba ba ta gaya mini ba don bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai mahalukin da zai miƙa hannu ba.

Nan take sabuwar gardama ta tashi. Mutanen Alhaji suka ce an sha kofi bayan shawarar baƙo, don haka ta zauna. Mutanen Usta suka ce bakin da ya sha ba na shugaba ba ne. Ni kuwa ina addu'ar ƙasa ta tsage. Baba Shehu ya ɗauki kofin ya leƙa cikinsa, ya kife shi a kan tire, ya ce da Hausa tsantsa don in ji:

"Abin da muka gada shi ne, wanda ya sha kofi shi ya ɗauki magana. Yau baƙo ne ya sha. To jinyar Hauwa ta koma wuyansa, ku kun huta. Gobe in an tambaye ku a kasuwa sai ku ce jikokin alhazai sun samu tela daga Potiskum ya sauke musu nauyi. Fatiha."

Ya shafa, ya laluɓi takalmansa, ya yi tafiyarsa ana "Baba tsaya, Baba tsaya."

Da na gaya wa Goggo, ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki tana cewa wayyo. Zainaba ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yanzu jini uku a jikinka za a samu?"

Laraba da hantsi muka tafi asibiti mu biyu. Ma'aikaciyar ɗiban jini ta ce mutum ɗaya leda ɗaya, ko da kuka zan yi. Na ce to a fara da ni. A nan zan tona wa kaina asiri: ni da nake wuni da allura a hannu, ban taɓa yarda an soka mini ita ina kallo ba. Na kwanta, na juya kai, komai lafiya. Sai shaiɗan ya ce in leƙa ledar. Na ga tana kumbura, ja-ja-ja, tana lilo. Abin da na sani ke nan.

Hayaniya ce ta farkar da ni. Na buɗe ido na ga ƙafafuna a sama kan matashi, ana yi mini fifita da wani kwali. A gadon da ke kusa da ni Usta Musa ne kwance, hannu a miƙe, allura a ciki, baki bai huta ba. A kansa Alhaji Sale yana tsaye da carbi. Ashe Alhaji ya ciko motar ɗaukar kaya da 'ya'yansa da ƙannensa, Usta kuma ya bi Goudji da Abena a babur yana tattaro mutane ɗaya-ɗaya. A bakin ƙofa suka yi karo.

"Ka ga aikin gida," in ji Alhaji yana nuna layin 'ya'yansa. "Magana ɗaya na yi, mota ta cika."

Usta ya ce, "Ƙirga su mana. Kawuna ne ka kawo, Alhaji, ka shigo tsarina ba ka sani ba. Kai ina naka hannun?"

"Sun ce sukarina ya hau."

"Da ma jinin naka ai shayi ne."

Alhaji ya hango na farka ya ce, "Ga shugaban majalisa ya dawo duniya! Sannu Onarabul." Zainaba ce ta ba su sunan, ban yafe mata ba. Ma'aikaciyar ta cike ukun da ake nema, ta ce tunda Allah ya kawo su ba za ta bar sauran su tafi haka ba, ta ajiye wa wasu marasa lafiya. Ba wanda ya iya zamewa, don kowane ɓangare yana kallon ɗaya.

Alhamis aka shiga da Goggo. Awannin da muka yi a barandar nan ba zan iya kwatanta muku su ba, na dai san na gama duk addu'ar da na haddace na sake daga farko. Da likita ya fito ya ce an cire, lafiya lau, Zainaba ta durƙushe a wurin. Washegari Goggo ta buɗe ido ta ganni, murya can ƙasa ta ce, "Babana, an ce ka faɗi."

Na ce, "Hutawa na yi, Goggo."

Ta ce, "Jinin wa suka sa mini? In kuka ji na tashi da gardama, to na 'yan majalisa ne."

Kwano kuwa har ya yi yawa a ɗakin, gidan Alhaji a aiko, gidan Usta a aiko, kowa yana leƙen na wani.

Ana gobe zan taso na je yi wa Baba Shehu sallama da ban haƙuri. Ya ce in bar zancen. Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, don Allah me ya hana ka sha?" Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce, "Ɗana, ranar da na sha, huɗu za su daina zuwa. Yanzu kuwa duk Talata tara muke." Na ce amma Baba mara lafiya na gaba fa? Ba kullum za a samu baƙo mai ƙishirwa ba. Sai kawai ya ce in gaida babana.

Har na baro garin ba a yi sabuwar doka ba. Goggo tana takawa har ƙofar gida yanzu, jiya ma mun yi waya. Amma Zainaba saura wata biyu ta haihu, kuma likita ya riga ya ce mata a tanadi mai ba da jini ko da za a buƙata. Alhaji ya ja ni gefe ya ce in rubuto masa tsari, Usta ma ya ja ni gefe ya ce haka, kowanne ya ce kada in gaya wa ɗayan. Na amsa musu duka, kuma gaskiya abin da na koya a waya ya ƙare.

Shi ya sa nake roƙonku. Duk wanda a garinsu ko a zuriyarsu ko ƙungiyar sana'arsu ake da tsarin jinya, yaya kuke yi? Gida kuke ƙirgawa ko kai? Wanda ya ƙaura wata unguwa yana cikin juyi? In an rabu biyu daidai, wa ke raba gardama, kuma waɗanda aka kayar suna dawowa zama? Ku rubuto mini ko ku biyo shago, wata biyu kawai gare ni.